Alat ɗin bogi da kwashe kuɗi ta layin waya: a ina ɓarakar take?

Sakataren 'Yan Gwari, Mile 12:

Assalamu alaikum. Tambaya ce gare ni zuwa ga masana harkar waya da ke wannan zaure. Koke iri biyu ya yi yawa a tsakanin 'yan kasuwarmu. Na farko, mai saye ya ɗauki kwandunan tumatir ko buhunan albasa, ya ce ya tura kuɗi, alat ya shigo wayar mai kaya da sunan bankinsa, wani lokaci ma a cikin jerin saƙonnin da bankin ya saba turowa, amma idan aka duba asusu babu ko kwabo. Na biyu, a zare wa mutum waya a cunkoson Oshodi ko a cikin danfo, wayar a kulle take da zane ko da yatsa, amma kafin ya isa banki an yashe asusun.

To, shin laifin wayar ne, ko na kamfanin layi, ko na banki? Yaya baƙo zai turo tes da sunan banki? Kuma me za mu faɗa wa mutanenmu su yi, wanda ba sai sun sayi waya mai tsada ba? Ina son bayanin da zan iya karantawa a taron ƙungiya.

Injiniyan Sadarwa, Ikeja:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Amsa a taƙaice: saƙon tes ba ya tabbatar da wanda ya aiko shi, kuma ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka gina shi. An tura tes na farko a Disambar 1992 a Ingila, a lokacin da ba wanda ya yi tunanin za a ɗora masa kuɗin mutane. Kamar wasiƙa ce da aka ba direba a tashar mota babu ambulan, sunan mai aikowa kuma shi ne duk abin da ya faɗa da bakinsa.

Mu fara da sunan. A jikin kowane tes akwai gurbin da ake rubuta mai aikowa. Gurbin yana karɓar lambar waya, yana kuma karɓar haruffa har 11. Kamfanonin da ke tura saƙo da yawa a lokaci guda, irin waɗanda bankuna da makarantu da 'yan siyasa ke haya, su ne ke cika wannan gurbi da sunan da abokin cinikinsu ya ba su. Wayarku ba ta da hanyar bincika ko sunan gaskiya ne. Abin da kawai take yi, ta ga suna iri ɗaya, ta jera saƙonnin wuri guda. Shi ya sa na bogi ke kwanciya a ƙarƙashin na gaskiya.

Kamfanonin layi a Najeriya suna yin rajistar irin waɗannan sunaye, suna kuma tare saƙon da ya zo da sunan banki ta hanyar da ba tasa ba. Wannan ya rage abin sosai, bai kashe shi ba. 'Yan damfara kan canza harafi ɗaya, su sa sifiri a madadin O, ko babban I a madadin ƙaramin l, ko su ƙara tazara. A kan ƙaramin gilashi, cikin rana da hayaniyar kasuwa, ba mai lura. Wasu kuma suna bi ta kamfanonin ƙetare da ba sa tantance suna. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar ilimin komai: mai saye ya karɓi wayar mai kaya da sunan zai kwafi lambar asusu, ya ajiye lambarsa a ciki da sunan banki, ya koma gefe ya rubuta alat ɗin da hannunsa. Don haka idan alat ya shigo, ku taɓa sunan da ke samansa. Idan kuka ga lambar waya ta mutum a ƙarƙashi, an gama magana.

Sai batun sirri. Tsakanin wayarku da ƙarfen sabis ne kawai ake lulluɓe saƙo. Da zarar ya shiga cibiyar saƙonni ta kamfani, a buɗe yake tafiya. Tsakanin kamfani da kamfani kuma akwai wani tsohon tsari da ake kira SS7, wanda aka tsara tun shekarun 1970, lokacin da kamfanonin waya 'yan kaɗan ne kuma duk sun yarda da juna. Wanda ya samu ƙofa cikinsa yana iya ce wa kamfaninku layinku ya yi tafiya yana wata ƙasa, sai a riƙa tura masa tes ɗinku can. Tobias Engel da Karsten Nohl sun nuna hakan a bainar jama'a a Jamus a 2014, kuma a 2017 kamfanin O2 na Jamus ya tabbatar an yi amfani da wannan hanya an tare lambobin tabbatarwa na banki an kwashe kuɗin mutane. Wannan ba abin da mai waya zai gyara ba ne, aikin kamfanin layi ne ya sa matattara a ƙofarsa.

Wanda kuke da iko a kansa shi ne 2G. A tsarin 2G waya ce ke tabbatar wa ƙarfen sabis ko ita wace ce, shi ƙarfen ba ya tabbatar mata da komai. Daga 3G zuwa sama ne aka sa kowane ɓangare ya tantance ɗan'uwansa. Saboda haka mutum zai iya ɗora na'urar da ke kwaikwayon ƙarfen sabis a bayan mota, ta janyo wayoyin da ke kusa su sauko 2G, ta cusa musu tes da kowane suna, ba tare da saƙon ya bi ta matattarar kamfani ba sam. An kama masu yin haka a Ingila da Tailan a 2024. Daga Android 12, wayoyi da dama suna da maɓallin kashe 2G a cikin saitin layi, a ƙarƙashin kowane sim. A cikin Legas kashe shi ba zai cutar da yawancin mutane ba. Amma direbobinku da ke zuwa ɗauko kaya daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina su sani akwai wuraren da 2G kaɗai ke kamawa, sai sun kunna idan sun fita hanya.

Mai Gyaran Waya, Computer Village:

Injiniya ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya kan koke na biyu, don shi ne ya fi cin mutane, kuma maganinsa kyauta ne.

Ɓarawon waya na yanzu ba gilashinku yake ƙoƙarin buɗewa ba. Allura yake sa wa ya zare sim, ya sa a ƙaramar waya mai tocila. Zanen da kuka kulle waya da shi yana jikin waya, bai bi sim ɗin ba. Daga wannan lokaci shi ne ku a idon banki: duk lambar tabbatarwa wurinsa za ta je, duk lambar USSD da ya danna da layinku aka danna ta. Lambar *565*0# tana nuna BVN ɗin da ke kan layin. Abin da ya rage masa shi ne lambobin jikin katin ATM ko ranar haihuwa, waɗanda ake tambaya wajen canza lambar sirri, ga shi kuma mutanenmu da yawa a bayan robar waya suke soke katin ATM da takardar NIN. Wannan ɗabi'a a daina ta yau, ba gobe ba. Ko bai samu kuɗi a asusu ba, yana iya buɗe manhajar bashi da sunan mai layin ya ci, a zo ana bin wanda aka yi wa sata.

Maganin shi ne kulle sim ɗin kansa da PIN. Wannan kulle yana zaune a cikin katin, duk wayar da aka kai shi sai ya tambaya kafin ya kama sabis. A Android ku shiga saitin, sashen tsaro, ku nemi kulle katin sim. A wasu wayoyin Tecno da Infinix da Samsung yana ɓoye a ƙarƙashin ƙarin saitin tsaro. A iPhone yana cikin sashen layin waya. Za ta tambayi PIN na asali da katin ya zo da shi. A nan ake yin ɓarna, don haka a kula: kada a yi kirdado. Kuskure sau 3 yana rufe katin sai an kawo PUK, lamba ce mai guda 8 da ke jikin faffadan katin da aka ɓallo sim daga ciki. Kuskuren PUK sau 10 kuma yana kashe sim ɗin har abada, sai an je ofis an yi walkam bak. Saboda haka a nemo PUK a riƙe a hannu kafin a fara, ko daga katin, ko daga manhajar kamfanin, ko a kira 300. Bayan an kunna, a canza PIN ɗin zuwa lamba 4 zuwa 8 da ba shekarar haihuwa ba, ba kuma ƙarshen lambar wayar ba. Wanda ya bar na asali bai yi komai ba, ɓarayi sun haddace shi. A gwada: a kashe waya a kunna, idan ta tambayi PIN aiki ya yi.

Idan wayar tana ɗaukar eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba kati, ya fi, don babu abin zarewa. MTN da Airtel suna yi. Sannan a shiga saitin sanarwa a hana rubutun saƙo bayyana a kan gilashi idan waya na kulle. Ba amfanin kulle waya idan lambar banki tana fitowa ɓaro-ɓaro a samanta.

Hanya ta biyu da ake karanta tes ɗin mutum ita ce manhajar da ya sa da hannunsa. Tun 2019 Google ya taƙaita manhajojin Play Store da za su iya neman izinin karanta tes, amma wannan doka ba ta hau kan fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja, da aka turo ta WhatsApp ko ta Xender ba. Manhajar tallafin gwamnati, ta data kyauta, ta kallon ƙwallo kyauta, WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, a nan ake ɓoye su. Wurare uku za a duba. Izinin tes: manhajar saƙo ce kaɗai ya kamata ta riƙe shi, tocila ko kalkuleta ba su da hurumi. Izinin karanta sanarwa: wanda ya same shi yana ganin lambar banki ko bai taɓa akwatin tes ba. Sai izinin taimaka wa masu buƙata ta musamman, wanda shi ne mafi haɗari, don manhajar da ta riƙe shi tana ganin gilashi tana kuma danna maɓalli da kanta. Idan aka ga baƙuwar manhaja a ɗaya daga cikin ukun, a kashe data, a cire mata izini, a goge ta. Idan ta ƙi gogewa, ta naɗa kanta cikin masu kula da na'ura ne, a cire ta daga can tukuna. Idan har ta riƙe izini na uku, ni shawarata a kwashe hotuna a wanke wayar gaba ɗaya, sannan a canza lambobin sirri na banki daga wata wayar.

Akwai kuma saƙon da ke zuwa da kamannin saitin intanet daga kamfanin layi, ya ce a danna a girka, wani lokaci har da lamba huɗu da za a shigar. Kamfanin Check Point ya nuna a 2019 cewa kowa zai iya ƙirƙirar irinsa ga wasu wayoyin Samsung da Huawei da LG da Sony, ya karkatar da intanet ɗin mutum ta bi ta na'urarsa. Idan ba yanzu kuka sa sabon sim ba kuma ba ku nema ba, ku share shi. Wanda ya riga ya danna ya shiga saitin APN, wato saitin intanet na layin, ya mayar da shi na asali.

Sakataren 'Yan Gwari, Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai dattawanmu da yawa ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, wasu kuma ba sa karanta boko, ƙarar shigowar alat kawai suke ji su ce a ɗauki kaya. Shin kulle sim yana aiki a irin wannan waya? Kuma mene ne zai maye gurbin alat ɗin a wurinsu?

Hajiya Mai Lissafi, Obalende:

Malam Sakatare, yana aiki. PIN ɗin a kati yake, ƙaramar waya ma tana da shi a sashen tsaro. Abin lura kawai, irin waɗannan wayoyi batirinsu kan zame su mutu, kuma duk kunnawa sai an sa PIN, don haka dattijo ya zaɓi lambar da ba zai manta ba, ɗansa ko wani amintacce ya adana PUK a gida.

Game da alat, ina so mutanenku su fahimci abu ɗaya: kuɗi da alat ba hanya ɗaya suke bi ba. Kuɗin yana bi ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, daga banki zuwa banki, cikin daƙiƙoƙi. Alat kuwa sanarwa ce da bankin ke miƙa wa kamfanin tura saƙo bayan an gama. Shi ya sa kuɗi kan shiga alat bai zo ba, shi ya sa kuma alat kan zo babu kuɗi. Hujja ita ce abin da kuka tambayi bankinku da kanku ya ba ku amsa: ko manhajar banki, a ja ta ƙasa ta sabunta, ko lambar USSD ta duba ragowar kuɗi, wadda ake cajin ₦6.98. Wanda zai saki kayan dubu ɗari uku bai kamata ya ji ƙyashin naira bakwai ba. Rasit ɗin da mai saye ke nunawa a gilashin wayarsa ba hujja ba ne ko kaɗan, akwai manhajojin da aikinsu kenan, buga rasit. Idan ya dage ya tura, ya ba da lambar zaman cinikin, wato session ID, mai guda 30, wadda kowane turawa tsakanin bankuna ke da ita, ya jira. Kaya ba sa barin rumfa sai kuɗi ya bayyana.

Ga dattawan da ba sa karatu, abin da ya fi dacewa shi ne na'urar POS mai lambar asusunta. Idan kuɗi ya shiga, a jikin na'urar yake fitowa kuma tana buga takarda, ba ta tes ba. Ko kuma ƙungiya ta ajiye yaro ɗaya mai karatu a kowane layin rumfuna, aikinsa duba shigar kuɗi. A alat na gaskiya akwai ragowar kuɗin asusu, wanda ɗan damfara bai sani ba sai ya ƙaga, amma kada a dogara da wannan, mai ciniki da yawa ba ya riƙe lissafin a ka.

Idan an sace waya, tsarin da za a bi yana da muhimmanci, don mutane suna fara gudu ofishin 'yan sanda alhali kuɗi na fita. Banki ne farko. Ku ari wayar kowa ku rufe asusun: Zenith *966*911#, Access *901*911#, sauran bankuna ma kowanne yana da tasa, kuma an yi su ne don a danna daga wayar wani. Kowa ya tambayi bankinsa tasa lambar tun yanzu, ya rubuta ta da lambar asusunsa a takardar da ba ta tare da waya. Ƙungiya ma tana iya manna su a bangon ofishinta. Na biyu layi: a kira kamfanin a rufe shi, a je ofishinsu da NIN a karɓi sabon sim. Na uku imel da WhatsApp da Facebook, duk abin da ake dawo da shi ta wannan layi.

Idan kuɗi ya riga ya fita, a rubuta koke a banki a ranar, a karɓi lambar koken. Saurin kai rahoto ne ke ba bankin damar neman a riƙe kuɗin a asusun da ya faɗa kafin a cire shi. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, a kai wa sashen kare haƙƙin abokan ciniki na CBN, wato Babban Bankin Najeriya. Sashen 'yan sanda na musamman kan zamba yana titin Milverton a Ikoyi, ofishin EFCC kuma yana titin Awolowo.

Tsarin USSD da CBN ya fitar a 2018 ya sa iyakar ₦100,000 a rana, ya kuma ce abin da ya haura ₦20,000 sai da tabbaci na biyu. 'Yan kasuwa da yawa suna zuwa su sa hannu a ɗaga musu iyaka saboda ciniki, daga nan su manta. Asusun da ake tara jari bai kamata ya kasance da USSD ba sam. Ana iya cewa banki ya kashe shi, a bar shi a ƙaramin asusun hada-hadar yau da kullum. Wanda ke juya miliyoyi ya nemi token, 'yar na'urar da ke fitar da lamba da kanta ba ta jiran tes.

Abu biyu kuma da ba su shafi satar waya ba. Idan sabis ya ɗauke a wayarku alhali na kusa da ku mai layi iri ɗaya yana kira, kuka kashe kuka kunna bai dawo ba, kada ku ce matsalar sabis ce ku kwanta. Alamar an yi walkam bak ɗin layinku a wani wuri ce, a rufe asusu nan take. Sannan layin da aka yasar: idan ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya dakatar da shi, daga baya ya sayar wa wani. Idan har yanzu shi ne a kan BVN, sabon mai shi ne zai riƙa karɓar alat ɗinku. Masu zuwa ci-rani da ke da layin Legas da layin gida su fi kowa kula da wannan.

Ɗan Idi-Araba, mai binciken tsaron intanet:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin rufe ɓangaren banki. Zan ƙara nau'in da ba a taɓo ba, wato saƙon da ke kama waya ba tare da mai ita ya danna komai ba, don ana yawan yaɗa shi a guruf-guruf ana tsorata mutane.

Akwai shi, ba ƙarya ba ne. A 2015 Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana ɓarakar Stagefright: saƙon MMS, wato tes mai hoto ko bidiyo, ɗauke da gurɓataccen bidiyo, waya ta sauke shi da kanta, sashen Android da ke sarrafa bidiyo ya tuntsure, maharin ya samu shiga. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa, kuma daga nan ne Google da Samsung suka fara fitar da gyaran tsaro na wata-wata. A 2019 kamfanin AdaptiveMobile ya bayyana Simjacker, wanda shi ba waya yake hari ba, wata tsohuwar manhaja ce a cikin katin sim. Ana turo tes da ba ya bayyana a akwati, katin ya karɓi umarni ya mayar da amsar inda mai wayar yake. Najeriya na cikin ƙasashe 29 da aka lissafa cewa akwai katunan da ke ɗauke da manhajar. Masu iPhone ma ba su tsira ba: cibiyar bincike ta Citizen Lab ta gano a 2021, ta sake ganowa a 2023, ana cusa manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta iMessage, har Apple ya fitar da gyaran gaggawa.

Amma a faɗi gaskiya, irin wannan makami yana da tsada, 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka ake bi da shi. Ba shi ke cin kuɗin mai albasa ba. Kada tsoronsa ya ɗauke hankali daga PIN ɗin sim. Abin da talaka zai ɗauka daga ciki shi ne sabunta waya. A shiga saitin, bayanin waya, a duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Idan ya haura shekara biyu kuma babu sabo, wayar ta fita daga kulawar kamfaninta. Ta yi kira da kallo, amma ba wurin ajiye manhajar banki ba ce. Masu sayen waya ta hannu su duba wannan rana kafin su duba kyamara. A manhajar saƙo kuma a kashe sauke MMS kai tsaye, ba wanda ke amfani da shi yanzu. Wanda aikinsa ke jawo masa ido, idan iPhone gare shi, ya kunna Lockdown Mode da ya zo da iOS 16.

Inda na ɗan bambanta da Injiniya shi ne kashe 2G ga kowa. Idan layin mutum ba a kunna masa kira ta 4G ba, kiransa yana sauka ne 3G ko 2G, kuma a cikin rumfunan kwano inda sabis ke da rauni zai iya rasa kira. A gwada kwana ɗaya a wurin sana'a kafin a bar shi a kashe.

Maganar sirri kuwa, kamar lambar asusu, hoton kati, cinikin da ba a so a ji, kada ta bi ta tes. WhatsApp da Signal suna lulluɓe saƙo daga waya zuwa waya. Google Messages ma yana yi idan duka ɓangarorin suna kan RCS, wato sabon tsarin saƙo mai bi ta data, za a ga ɗan hoton kwaɗo a jikin saƙon. Idan babu kwaɗon, ko data ta yanke ya koma tes, a buɗe yake. A Disambar 2024 hukumomin tsaron Amurka da kansu suka shawarci jama'a su koma manhajoji masu lulluɓe saƙo, bayan an gano masu kutse sun daɗe a cikin kamfanonin wayar ƙasar. Ga imel da Facebook, a cire tabbatarwa ta tes a koma manhaja irin Google Authenticator, mai fitar da lamba 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30 ba tare da sabis ba. A rubuta lambobin ko-ta-kwana da imel ɗin ko Facebook zai bayar a takarda, in ba haka ba ranar da waya ta ɓata mai ita ma ba zai shiga ba.

Injiniyan Sadarwa, Ikeja:

Gyaran ya karɓu, Malam, a gwada tukuna. Sakatare, ku ƙara wannan a takardar taron, don yana yawo a guruf ɗin 'yan kasuwa da na masallatai. Wani zai kira ya ce ana taron ƙungiya ta intanet, an turo muku lamba 6, ku karanto masa a sa ku a ciki. Lambar rajistar WhatsApp ɗinku ce. Wani kuma zai ce ku danna wata lamba da ta fara da **21* ko makamancinta don karɓar kyauta ko gyara sabis. Wannan karkatar da kiranku ne zuwa wayarsa, sai ya nemi WhatsApp ya karanto lambar ta kira maimakon tes. Daga nan ya shiga guruf da sunanku yana neman rance a wurin abokan ciniki.

A danna *#21# a ga ko ana karkatar da kira, ##002# kuma yana soke duk wata karkatarwa. A cikin WhatsApp a shiga saitin asusu a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa PIN mai lamba 6 da adireshin imel. Wanda aka riga aka ƙwace wa, ya sake girka WhatsApp ya yi rajista da layinsa. Da ya shigar da lambar da aka turo masa, an fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya sa nasa PIN, sai an jira kwana 7 kafin a shiga ba tare da shi ba, kuma a cikin kwanakin nan a kira shugabannin guruf da baki su cire lambar su sanar da mutane kada a tura wa kowa kuɗi. Tes ɗin talla da ke cika akwati har na gaskiya ya ɓace a ciki, a tura STOP zuwa 2442 a rage su. Idan kamfanin layi ya ƙi sauraron koke, lambar NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, ita ce 622, kyauta ce.